Yadda Nababa Ya Hana Tarakta Nutsewa a Fadamar Gayam

Kafin ka ga Nababa za ka ji shi. Mutum ne ƙaƙƙarfa mai faɗin ƙirji, furfura ta fara cin gemunsa, muryarsa kuwa ko gaisuwa yake yi a bakin kasuwar Birnin Gwari sai na cikin rumfunan hatsi sun ɗago kai. A garin aka haife shi, a gidan manoma masu taɓa fataucin hatsi, amma shi tun tasowarsa ba abin da ke ɗauke masa hankali irin abu mai inji. Ya yi karen mota, ya zama direba, ya ƙare ƙuruciyarsa yana jan babbar mota shaƙe da katako daga cikin daji zuwa Kaduna. Da 'yan bindiga suka addabi hanya, mai motar ya sayar da abarsa, Nababa ya dawo gida ya zauna, ba sitiyari, ba wurin zuwa. Matarsa Azumi ta ce a wannan zaman ne ta san mijinta yana iya yin shiru, kuma ba ta ji daɗin sanin ba.

Ana haka sai ƙungiyar manoman unguwarsu ta rasa direba. Suna da wata tsohuwar tarakta ja, wadda tayoyin baya ne kawai ke ja, fentinta duk ya koɗe. Shugaban ƙungiyar, Malam Usman, ya zo har ƙofar gida ya ce, "Nababa, ka taɓa jan tarakta?"

"Ban taɓa ba," in ji Nababa, yana neman takalmansa. "Amma tana ina?"

A makon farko ya gane cewa tarakta ba babbar mota ba ce. Injinta lafiya lau, ƙararsa kamar sabo, amma da zarar ya sauke garma a ƙasa mai tauri sai tayoyin baya su kama juyawa a wuri ɗaya, suna watso ƙasa, hayaƙi na tashi, tarakta na rarrafe. Ya sauka ya tsuguna ya dubi tayoyin. Gajeru ne, haƙoransu sun cinye saura kaɗan. Ya dubi sawun da suka bari a ƙasa, ya ga ɗan wurin da taya ke takawa bai fi tafin hannunsa biyu ba. Ƙarfin injin nan duka, da nauyin garma duka, a kan wannan ɗan wuri suke dogara. Daga ranar magana ta shiga kansa, kuma duk wanda ya san Nababa ya san in abu ya shiga kansa to ya shiga kunnen kowa.

Wanda ya fi shan maganar shi ne Andrawus mai walda, Bagwari ne ɗan asalin wani ƙauye a yankin Gayam, wanda rikici ya koro shi gari ya buɗe rumfa a bakin titi. Sun daɗe da sanin juna, tun Andrawus na gyara masa bodin motar katako. Shi Andrawus ba ya son yawan magana, shi ya sa suka dace.

"Mutumina, tsawo!" in ji Nababa, ya shigo rumfar ko sallama bai gama ba. "Tsawo ne maganin. Ka duba, in taya doguwa ce, wurin da take kwanciya a ƙasa ya fi tsawo. Haƙora da yawa ne za su ciji ƙasa lokaci guda. Gajera haƙori biyu take kamawa, doguwa ta kama huɗu. Ka gane?"

Andrawus ya ɗaga gilashin waldarsa ya ce, "Na gane. Ina doguwar?"

Doguwar tana Kaduna, a kasuwar 'yan tsofaffin ƙarafa. Nababa ya bi ayarin motoci ya je, ya yini yana tono cikin tarin tayoyi, har ya samo wasu guda biyu da wilinsu, dogaye, sirara, haƙoransu kusan sababbi. Da aka sauke su a ƙofar rumfar Andrawus, aka tsayar da ɗaya ta kai wa Nababa kafaɗa. Andrawus ya gwada ramukan noti ya ga ba su yi daidai ba, ya yanko farantin ƙarfe mai kauri ya huda sababbi, ya ɗaga madigadi, murfin da ke saman taya, don kada taya ta goge shi. Tsofaffin gajerun kuwa aka jingine su a bayan rumfa, kaji suka samu wurin kwana.

Ranar da Nababa ya fito da ita cikin gari, tarakta ta zama kamar raƙumi. Yana can sama yana ɗaga wa mutane hannu, yana kiran kowa da sunansa. A kan titi ta ƙara gudu, har wani mai babur ya bi shi yana tambaya ko sabuwa ce. A gonar Malam Usman ta tudu ya sauke garma, tayoyin suka kama ƙasa ƙam, ba zamiya. Nababa ya saki sitiyari ya yi tafi.

Murnar ba ta kai ƙarshen kunya ba, sai inji ya fara nishi. Giyar da ya saba ja da ita ta ƙi ɗauka, domin doguwar taya zagayenta ya fi nisa, injin na buƙatar ƙarin ƙarfi kafin ya juya ta. Dole ya koma giya ta ƙasa. Da garma ta ci karo da wani saiwa kuma sai gaban tarakta ya ɗaga sama kamar doki ya yi tsaye, tayoyin gaba suna lilo a iska. Malam Usman ya riƙe kai yana salati. Nababa ya taka kuloci, ta dawo ƙasa tim, ya leƙo yana dariya.

"Shugaba, ka ga kamu? Da can zamewa take yi, yanzu ƙasa ta riƙe ta har ta rasa yadda za ta yi!"

"Na gani," in ji Malam Usman. "Don Allah ka sauko mu yi magana a ƙasa."

Andrawus ya haɗa wasu tsofaffin ƙarafa masu nauyi ya ɗaura a gaban tarakta, gaba ya daina tashi. Nababa kuma ya koyi bin gefen tudu a hankali, don ya ji yadda take karkata yanzu da ta yi tsawo. Daga baya wani mai faci ya ba shi labarin yadda ake ɗura wa tayar tarakta ruwa ta bawul, inda ake ba ta iska, don ta ƙara nauyi. Ai kuwa washegari Azumi ta nemi tiyon da take ban ruwan alayyahunta ta rasa. Da tayoyin suka sha ruwa, suka ƙara danne ƙasa, a tudu ba wata tarakta a yankin da ke jan garma kamar ta Nababa. Lokacin huɗa kuma sirantarsu ta yi rana: suna bi tsakanin kunyoyi ba su taka masara ba, cikin tarakta na wucewa ta saman shuka bai taɓa ganye ba. Daminar nan Azumi ta ce ko tuwo ta ajiye masa sai ya auna faɗin kwanon da ido ya ce wani abu game da taya.

Da damina ta zagayo, abubuwa sun ɗan lafa a wasu ƙauyuka, mutane suka fara komawa gida da kaɗan-kaɗan. Cikin waɗanda suka koma akwai Rebecca, yayar Andrawus, gwauruwa mai 'ya'ya manya, wadda ke da fadama a bayan ƙauyensu a Gayam. Shekaru ba a taɓa fadamar ba. Ciyawa ta yi kafet a kai, saiwoyi sun sarƙe, fartanya ba ta shiga, shanun huɗa kuma kusan duk an kore su. Ba ita kaɗai ba, gidaje da yawa na da yanki a wannan fadama, kuma shinkafarta ce abincinsu. Ruwa ya riga ya sauka, in ba a kafce da wuri ba rafi zai cika ya shafe wurin, shekara ta wuce.

Rebecca ta zo gari da kanta, ta same su su biyun a rumfa. Ta ce da Nababa, "Direba, an ce motarka ba ta jin tsoron ƙasa."

"Yaya Rebecca, ƙasa ce ke jin tsoronta!"

Andrawus ya ce, "Fadama ba tudu ba ce."

"Ƙasa ƙasa ce, mutumina. Ka ga haƙoran nan?"

Suka tafi da hantsi, Andrawus na tsaye a bayan kujera yana riƙe da madigadi. Hanyar ta ratsa daji, ta wuce ƙauyukan da rufin ɗakunansu ya rufta, da wasu da aka fara yi wa sabuwar jinka. A ƙauyen su Rebecca mutane suka fito suka bi tarakta a baya har bakin fadama. Nababa ya gyara zama, ya sauke garma, ya ba ta wuta.

Ta yi kamar tsawon igiyar guga tana tafiya lafiya. Daga nan tayoyin suka yanka kafet ɗin ciyawar kamar wuƙa, suka faɗa cikin baƙin taɓon da ke ƙasa. Nababa ya ƙara totur. Haƙoran da yake alfahari da su suka shiga aikinsu, suna kwashe taɓo suna jefawa baya, kowane juyi tarakta na ƙara zama. Kafin ya cire ƙafa, ta nutse har cikinta ya kwanta a laka. Dogayen tayoyin nan rabinsu ya ɓace.

Sai Rebecca ta ce, "To, Direba, yau wa ya ji tsoron wani?" Dariya ta ɓarke, har shi Nababa sai da ya yi, ko da yake kunya ta rufe shi.

Yinin nan duka a haƙa ya ƙare. Maza suka tuɓe riguna, aka kwance garma aka ja ta baya da igiya, aka sassaro itatuwa, aka ciro ƙyauren wani kango aka shimfiɗa don a ɗora jak a kai. Nababa yana cikin taɓo har gwiwa, duk inda ya sa ƙafa sai ta lume, sai ya yi da gaske ya zaro ta. Ya ɗaga kai zai nemi a miƙo masa shebur, sai ya ga Andrawus tsaye a kan ƙyauren, da jak a hannu, da wani ƙato a gefensa, su biyu a kan laka ɗaya da wadda ta haɗiye shi, amma ko idon sawunsu bai jiƙe ba.

Ya tsaya yana kallon ƙyauren. Ya dubi ƙafafunsa. Sai ya kwatsa ihu har matan da ke bakin fadama suka zabura.

"Faɗi! Andrawus, faɗi! Kai da wannan bawan Allah kun fi ni nauyi, amma ga ku a sama, ga ni a ƙasa! A tudu ƙasa tana da ƙarfi, nauyi ake so da cizo. Nan ba abin da za a ciza, ƙasan ma ruwa ne. Ni kuma na zo da siririyar taya, na cika ta da ruwa, na ɗora mata ƙarafa. Ai ni na binne ta da hannuna!"

"Mu fara fito da ita tukuna," in ji Andrawus.

Sai da rana ta yi sanyi suka fito da ita, da jak, da itatuwa, da igiya, da ƙarfin duk namijin da ke ƙauyen. A hanyar komawa Nababa bai rufe baki ba. Taya mai faɗi irin ta fadama ba a samunta a nan kusa, kafin a nemo rafi ya cika. Suna shiga gari ya taka birki a ƙofar rumfa, ya yi tsalle ya sauka, ya zagaya baya ya kori kaji.

"Ga su nan! Mu ɗaura waɗannan a gefen dogayen. Biyu-biyu kowane ɓangare."

Andrawus ya dubi tsofaffin tayoyin ya ce, "Ba tsawonsu ɗaya ba. Gajerun ba za su taɓa ƙasa ba."

"A kan titi ba za su taɓa ba, kuma ba ma so su taɓa. Amma a fadama, da doguwar ta lume kamar taƙi ɗaya, gajerar ta sauka ta tare. Kamar ƙyauren nan naka!"

Andrawus ya shafa haɓa. Can ya ce, "Zai yi wa aksul nauyi, ƙarfen da ke riƙe da tayoyin. In ka yi kwana da ƙarfi noti zai tsinke."

"Ba zan yi kwana da ƙarfi ba."

"Kai?"

Duk da haka ya kunna janareta. Ya yanko bututun ƙarfe mai kauri ya yi zobe biyu da za su shiga tsakanin wili da wili, ya bar tazara don laka ta samu wurin fita, ya haɗa dogayen noti. Nababa ya buɗe bawul ya zubar da ruwan tayoyin, ƙofar rumfa ta zama kududdufi. Ya rage musu iska har gefensu ya ɗan bubbuɗe suka ƙara kwanciya a ƙasa, ya cire rabin ƙarafan gaba. Azumi ta aiko musu da abinci ya huce ba su taɓa ba. Da aka gama aka ɗaura, tarakta ta yi faɗi kamar ƙatuwar kaguwa. Nababa ya zagaya ta yana tafa hannu, sai Andrawus ya tuna masa da kwalbatin da ke hanyar Gayam, wanda da ƙyar motar ɗaukar kaya ke bi. Dole aka sake kwancewa, aka loda gajerun a tirela tare da garma, a ɗaura su a can.

Labari ya riga su isa. Wannan karon har mutanen ƙauyukan maƙwabta sun zo, wasu don su ga aiki, wasu don su ga ta sake nutsewa. Wani dattijo ma ya zo da igiyarsa a kafaɗa. A bakin fadama aka ɗaga tarakta aka ɗaura tayoyin, Andrawus ya bi kowane noti ya ƙara ɗaurewa. Rebecca ta matso ta ce, "Direba, yau ba ka ce komai ba."

"Yaya Rebecca, yau addu'a nake so."

"Ka samu. Tun asuba nake yi."

Nababa ya yi bisimilla, ya sa giya ta ƙasa, ya saki kuloci a hankali kamar mai ajiye ƙwai. Tarakta ta gangara. Dogayen tayoyin suka fara lumewa, jama'a suka ja numfashi, dattijon ya sauko da igiyarsa. Sai gajerun suka sauka a kan ciyawa, suka danne ta, lumewar ta tsaya cak. Tarakta ta ci gaba. Ta wuce gefen ramin da ta haƙa wa kanta, wanda yanzu ya cika da ruwa. Nababa ya sauke garma kaɗan, ba da zurfi ba, ya waiwaya. Baƙar ƙasa na juyowa a bayansa, tana sheƙi, ciyawa na kifewa, ƙanshin laka ya tashi.

Wata mata ta rangaɗa guɗa, sauran suka amsa. Maza suka bi gefen fadama da gudu suna ihu. Rebecca ta kwance ɗankwalinta tana kaɗawa, tana waƙa da Gwaranci tana taka rawa a cikin taɓo, hawaye na zuba. Nababa ya miƙe tsaye a kan tarakta, hannu ɗaya a sitiyari, yana ihu da muryar da ta danne ƙarar inji: "Tana tafiya! Andrawus, tana iyo! Wallahi iyo take yi!"

"Zauna!" in ji Andrawus, shi ma da ihu, abin da ba a taɓa ji ba. "Ga kwana nan! A hankali!"

Ya zauna, ya ɗaga garma, ya yi kwana mai faɗi kamar mai zagaya kasuwa, ya dawo. Farare balbelu suka sauka a bayan garma suna tsintar tana. Kafin la'asar yankin Rebecca ya kaftu, ya shiga na maƙwabcinta.

Ba ko'ina abin ya yi ba. A wani gefe kusa da rafi, inda laka 'yar kaɗan ce a kan ƙasa mai tauri, iskar da ya rage da faɗin da ya ƙara suka sa tarakta ta dinga santsi tana zamewa gefe. Nan sai da aka cire gajerun, siraran suka yanka lakar suka taka ƙasa mai ƙarfi, sannan ta ja. A ƙarshen aikin kuma, ranar da zai gama, murna ta ɗebe shi ya yi kwana da ƙarfi, noti biyu suka tsinke, tayar waje ta gangara ita kaɗai ta faɗa rafi, aka bi ta da gudu. Andrawus kallonsa kawai ya yi. Amma fadamar ta kaftu kaf kafin rafi ya cika, aka watsa iri, shinkafa ta fito ta rufe wurin kore shar.

Da kaka Rebecca ta zo gari da shinkafar farko da ta sussuka, ta kai wa Azumi har cikin gida. Matan biyu suka zauna suna hira kamar sun daɗe da sanin juna, suna ba juna labarin abin da kowacce ta sha da zancen taya.

Yanzu Nababa ba ya shiga gona sai ya sauka ya taka ta da ƙafa. Yana da wani dogon rodi da yake cakawa a ƙasa ya ji inda tauri ya fara, sannan ya yanke shawarar ko siraran kaɗai, ko da ruwa, ko biyu-biyu da sassaucin iska. Direbobin tarakta daga Kazage da Kakangi sun fara kawo wa Andrawus wilinsu ya yi musu zobe, kuma duk wanda ya zo sai ya zauna ya saurari Nababa daga farko har ƙarshe, da nutsewar da komai, domin ba ya tsallake wannan wurin, shi ya fi jin daɗin faɗa. Fadamu biyu a Kazage suna jiransa a daminar bana, ɗaya an ce ta fi ta Gayam zurfi. Ya riga ya je ya gano ta a kan babur, ya dawo da laka har cinya, yana ta murmushi.